IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA? TARIHIN GARGAƊIN GUGUWA A BANGLADASH



Kowa a cikinmu ya san karin maganar nan da ke cewa in kunne ya ji, jiki ya tsira. A wannan karon za mu leƙa wata ƙasa inda aka jarraba wannan magana da rayukan dubban ɗaruruwan mutane, aka tarar ashe tana da sharuɗɗa. Ƙasar ita ce Bangladash, wadda kafin 1971 ake kira Gabashin Pakistan. Na zaɓo wannan tarihi ne saboda ya shafi sana'armu kai tsaye. Sanarwar gargaɗi rubutu ce, wani ne ke zama ya tsara kalmominta, kuma akwai daren da irin kalmomin da aka zaɓa suka shiga lissafin wanda zai kwana da rai da wanda ba zai kwana ba.

Ƙasar da ruwa ya gina

Sai mun san yadda ƙasar take kafin mu gane abin da ya faru. Manyan koguna uku, Ganges da Brahmaputra da Meghna, suna haɗuwa su zuba a mashigin Tekun Bengal. Lakar da suke kwasowa daga duwatsun Himalaya ita ce ta taru ta zama kudancin ƙasar, har da tsibirai masu yawa da ba su ɗara teku tudu da abin kirki ba. Mafi girmansu shi ne Bhola. Ƙasa ce mai albarkar shinkafa da kifi, shi ya sa mutane suka cika ta maƙil duk da sun san haɗarinta.

Shi kuwa mashigin, ƙirar mazurari gare shi. Yana da faɗi a kudu, yana tsukewa a arewa, kuma bakinsa ba zurfi. Idan mahaukaciyar guguwa ta taso daga tsakiyar teku ta nufo arewa, iskarta kan tura ruwa gabanta, ruwan ya rasa inda zai bazu, sai ya yi tozo ya hau tudu. Ga kuma wani abin da mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba. Teku yakan cika ya janye sau biyu a kowace rana, kuma cikar ta fi yawa a tsayuwar wata da lokacin da ya kai sha huɗu. In guguwa ta iso daidai da wannan cika, to abin ya haɗu goma da ashirin. Yawancin waɗanda irin wannan guguwa ke kashewa ruwan ne ke cinye su, iskar rufin ɗaki da itatuwa ta fi yi wa ɓarna.

Gargaɗin da aka tsara domin jiragen ruwa

Turawan Ingila da suka mulki yankin sun daɗe da sanin wannan. Wani ma'aikacinsu a Kalkata mai suna Henry Piddington ya shafe shekaru yana tattara bayanan matuƙan jiragen ruwa, kuma shi ne ya ƙirƙiro sunan da Turawa ke kiran wannan guguwa da shi, a shekarun 1840. A watan Oktoba na 1864 guguwa ta afka wa Kalkata, ta kashe kimanin mutum 60,000, ta farfasa jiragen da ke tashar. Shekara ɗaya bayan haka aka fara ba tashar gargaɗin guguwa, a 1875 kuma aka kafa hukumar kula da yanayi ta Indiya. A 1876 wata guguwar ta faɗa wa bakin Kogin Meghna, ruwa da annoba da yunwar da suka biyo baya suka ci kusan mutum 200,000.

Mu lura da wanda aka yi tsarin dominsa. Matuƙin jirgi da shugaban tasha ake yi wa magana, domin dukiyar Turawa a cikin jirage take. Tsarin lambobin da tashoshin ƙasar suka gada, wanda har yau ake amfani da shi, yana tafiya ne daga 1 zuwa 11. Lamba 5 da 6 da 7 na nufin haɗari, 8 da 9 da 10 na nufin babban haɗari. Duk mai jin wannan zai ɗauka 10 ta fi 9 tsanani, 9 ta fi 8. Ba haka abin yake ba. Bambancinsu shi ne ta wane gefen tashar guguwar za ta bi, hagu ko dama ko ta kanta. Lamba 11 kuwa cewa take yi sadarwa ta yanke tsakanin tasha da ofishin hasashe. Ga kyaftin ɗin jirgi wannan bayani ne mai amfani, don da shi zai san inda zai juya. Manomin da ke tsibirin Monpura fa, me lambar ta gaya masa game da ɗakinsa na kara da 'ya'yansa biyar? Ba ta ce masa ruwa zai kai ƙugu ko zai shanye bishiyar kwakwa ba, ba ta kuma ce masa ga inda zai nufa ba.

Daren 12 ga Nuwamba, 1970

A watan Oktoba na 1960 guguwa biyu sun kashe dubban mutane a Gabashin Pakistan. Gwamnati ta nemi taimakon Amurka, aka turo Gordon Dunn, shugaban cibiyar sa ido kan guguwa ta can, ya yi nazari ya miƙa rahotonsa a 1961. An aiwatar da wasu shawarwarinsa, an bar wasu a takarda.

Ranar 8 ga Nuwamba, 1970 wata guguwa ta fara haɗuwa a tsakiyar mashigin. Kwana huɗu ta yi tana tahowa tana ƙara ƙarfi, har iskarta ta kai gudun kilomita 185 a awa. Ba a ɓoye ta zo ba. Jiragen ruwa sun ci karo da ita, tauraron ɗan'adam na Amurka ya ɗauki hotonta, ofishin hasashen yanayi ya san tana tafe. Ranar Alhamis 12 ga wata aka yi kiran mutanen gaɓar teku su kasance cikin shiri, da ta matso kuma Rediyon Pakistan ya sanar da babban haɗari.

A can tsibiran watan azumi ne, kuma lokacin girbin shinkafa. Dubban 'yan ƙodago sun sauko daga arewa suna kwana a gonaki da bukkoki. Rediyo sai gidan wane da wane. Makonni uku kafin nan wata guguwar ta wuce, ɓarnarta ba ta taka kara ta karya ba idan aka kwatanta da abin da aka ji tsoro. Waɗanda suka tsira sun shaida daga baya cewa kalmar babban haɗari ba ta nuna musu komai ba, wasunsu ma a saninsu lamba 1 ce gargaɗi mafi tsanani. Ko wanda ya gane, ina zai je? Ba tudu, gine-ginen siminti ba su da yawa, kwale-kwale kuma ba ya fita a irin wannan iska.

Cikin daren Alhamis wayewar Juma'a, wata na dab da cika, teku na kan ganiyar cikarsa, ruwa ya hau tsibiran. A wasu wurare tsawonsa ya kai mita 10, wato kusan bene mai hawa uku. Kafin gari ya waye ƙauyuka da dama sun shafe kamar ba a taɓa zama a wurin ba. Ƙiyasin da aka fi yarda da shi shi ne mutum 300,000 zuwa 500,000 suka rasu, kuma har yau ba a san wata guguwar teku da ta kai ta kisa ba. A yankin Tazumuddin kaɗai, cikin mutum 167,000 sama da kashi 45 cikin 100 sun tafi a dare ɗaya.

Wasu likitoci biyu, Alfred Sommer da Henry Mosley, sun zaga yankin bayan abin ya lafa, suka fitar da sakamakon bincikensu a 1972. Abin da suka gano yana da ban tausayi. Yawancin masu rai bishiya suka rungume har ruwa ya janye, shi ya sa aka riƙa ganin ƙirji da hannuwa da cinyoyinsu duk a saɓule. Maza majiya ƙarfi su suka fi tsira. Yara 'yan ƙasa da shekara 10, waɗanda su ne kashi ɗaya cikin uku na jama'ar, su ne fiye da rabin mamatan. Mai ƙarfin riƙe reshe ya rayu, uwa mai goyo da tsoho ruwa ya ɓamɓare su.

Abin da ya biyo baya

Gabashi da Yammacin Pakistan ƙasa ɗaya ce a lokacin, amma kusan kilomita 1,600 na ƙasar Indiya ya raba su, mulki da soja kuma suna hannun Yamma. Dama akwai tsohuwar jiƙaƙƙa, tun daga rikicin harshe na 1952, lokacin da 'yan sanda suka harbe masu zanga-zangar neman a ba harshen Bengali matsayi daidai da Urdu. Shugaban ƙasa Janar Yahya Khan yana dawowa daga ziyara a Sin ya tsaya a Daka, ya zaga yankin ta jirgin sama ranar 16 ga Nuwamba, ya wuce Yamma. Agaji ya yi jinkiri, jirage masu saukar ungulu ba su iso da wuri ba, shugabannin siyasar Gabas suka fito fili suka zargi gwamnati da sakaci da halin ko-in-kula.

Ranar 7 ga Disamba aka yi babban zaɓe. Jam'iyyar Awami League ta Sheikh Mujibur Rahman ta lashe kujeru 160 cikin 162 na Gabas, abin da ya ba ta rinjaye a majalisar ƙasa baki ɗaya. Aka ƙi miƙa mata mulki, soja suka afka wa Daka a daren 25 ga Maris, 1971, yaƙi ya ɓarke, ranar 16 ga Disamba aka haifi Bangladash. Kuskure ne marubuci ya ce guguwa ce ta raba Pakistan, domin bangon ya riga ya tsage. Abin da za a iya cewa shi ne ta nuna wa talakan Gabas matsayinsa a idon masu mulkinsa, makonni uku da 'yan kwanaki kafin a miƙa masa ƙuri'a.

Daga ofis zuwa ƙofar gida

Sabuwar ƙasar ta fara da tambayar da aka daɗe ba a yi ba: wa zai kai saƙon ga mutumin da ba shi da rediyo? A 1972 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta kafa wani shiri na tunkarar guguwa, gwamnati ta shigo ciki a 1973. Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Cibiyar gargaɗi da ke Daka za ta fitar da sanarwa, a aika ta na'urar oba-oba zuwa gundumomi, daga nan zuwa shugabannin 'yan sa-kai na ƙauyuka. Su kuma su hau keke da lasifikar hannu da jiniya, su bi gida-gida, su kafa tuta a inda kowa zai gani. Tuta uku na nufin a tashi yanzu. Masallatai ma sukan ba da lasifikarsu. Mai kawo saƙon ɗan garin ne, malamin makaranta ko manomi ko limami, yana magana da karin harshen wurin, an san gidan ubansa.

Sai jarrabawa ta zo. A daren 29 ga Afrilu, 1991 guguwar da ta fi ta 1970 ƙarfin iska ta sauka kusa da Chittagong, ta kashe kimanin mutum 138,000. Wannan karon ba za a ce kunne bai ji ba. Masu bincike da suka bi ƙauyukan sun tarar kusan kowa ya ji gargaɗin sa'o'i kafin ruwa ya iso, amma kaɗan ne suka tashi. Da aka tambaye su dalili, amsoshin na masu hankali ne. An sha kafa lamba 10 a baya ba abin da ya faru, tunda ana kafa lambobin babban haɗari ne da zarar iska ta kai kilomita 89 a awa, ko da ba za ta kai rabin ta wannan dare ba. Wanda ya bar gidansa yana tsoron ɓarayi, ga saniyar da ita ce dukiyarsa kaf ba a shiga da ita mafaka. Mafakar kanta 'yan ɗaruruwa ne a gaɓar da miliyoyin mutane ke zaune, wasu suna da nisan da ba a iya kaiwa a ƙafa cikin duhu da laka. Wani bincike da aka buga a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 1993 ya nuna cewa cikin mutanen da aka bibiya, duk wanda ya shiga ginin siminti ko na bulo ya tsira, cikin waɗanda ba su samu shiga ba kuwa kusan ɗaya cikin biyar ya rasu.

Mata sun fi maza mutuwa nesa ba kusa ba. An fi yin shelar a kasuwa da bakin hanya, inda maza suke. Mace da yawa ta ji, amma maigida ba ya nan, ba ta kuma saba fita ba da izninsa ba, balle ta je ta cakuɗu da maza baƙi a ɗaki ɗaya. Da ruwa ya zo, ga yara a hannu, ga doguwar suturar da ke naɗe ƙafa. Su ma 'yan sa-kan sun biya nasu farashin, fiye da 20 daga cikinsu sun rasu a bakin aiki a wannan dare.

Gyaran da aka yi bayan 1991 ya bi waɗannan amsoshi ɗaya bayan ɗaya. Aka gina dubban mafaka a kan ginshiƙai, ruwa ya wuce ta ƙasa, kuma aka mai da yawancinsu makarantun firamare domin kowane yaro ya san hanyar wurin tun kafin ranar tsoro. Aka tayar da tuddan ƙasa inda za a ɗaure dabbobi. Aka fara ware wa mata ɓangarensu da makewayinsu. Aka ɗauki mata aikin sa-kai domin su shiga cikin gida su yi magana da 'yan'uwansu mata, har ya zama a yau cikin 'yan sa-kai sama da 70,000 rabi mata ne.

Ranar 15 ga Nuwamba, 2007 guguwar Sidr ta iso da ƙarfin da bai gaza na 1970 ba. Alƙaluman gwamnati sun ce kimanin mutum 3,400 suka rasu. Ko a nan tsohuwar matsalar ta sake leƙowa, domin wata biyu kafin nan an yi gargaɗin igiyar tsunami, mutane suka kwana a mafaka ba abin da ya zo, wasu suka ce ba za a sake wahalar da su ba. Wata shida bayan Sidr, guguwar Nargis ta faɗa wa maƙwabciya Myanmar. Hukumar yanayi ta Indiya ta sanar da mahukuntan ƙasar kwana biyu kafin saukarta, amma babu 'yan sa-kai, babu mafaka, mutum kusan 138,000 suka mutu ko suka ɓace. Teku ɗaya ne, ilimin hasashen ma ɗaya ne. A watan Mayu na 2020, ana tsakiyar annobar korona, Bangladash ta kwashe mutum miliyan 2.4 kafin guguwar Amphan, waɗanda suka rasu ba su kai 30 ba. Cikin na farkonsu akwai wani ɗan sa-kai da kwale-kwalensa ya kife yana kan hanyar kiran mutane su tashi.

Rabonmu a ciki

Mu ba mu da teku a Kano ko Damagaram, kuma iskarmu daban ce. Tamu ita ce ta farkon damina, wadda ke tasowa daga gabas da jan ƙura, ta yaye kwanon rufi, ta karya turakun lantarki, ta kayar da katanga a kan masu barci. Amma tazarar da ke tsakanin ofishin hasashe da ƙofar gida iri ɗaya ce. Hukumomin yanayi na fitar da sanarwa da Turanci ko Faransanci, wani kuma ya mai da ita Hausa a gidan rediyo ko a Facebook da WhatsApp. Wannan wanin sau da yawa ɗayanmu ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ɗauki alƙawari a 2022 cewa kafin ƙarshen 2027 gargaɗin gaggawa zai riƙa isa ga kowane ɗan'adam, kuma a ƙasar Hausa da Hausa zai isa.

Tarihin Bangladash ya nuna abin da mai sauraro ke nema a cikin sanarwa. Yana son jin sunan garinsa, domin "wasu sassan arewa" ba garin kowa ba ne. Yana son jin lokaci da ma'aunin da ya sani, bayan la'asar ko kafin asuba. Yana son a gaya masa abin da iskar za ta yi wa rufinsa, domin kilomita kaza a awa lissafin matuƙin jirgi ne. Yana son a ce masa yi kaza, je wuri kaza. Kuma in ka saba kiran kowane hadari "gagarumin bala'i" don a danna rubutunka, ranar da na gaskiyar ya zo ka riga ka kashe kalmar.

Ga aikin wannan mako. A ɗauka an tabbatar iska mai ƙarfi za ta afka wa garinku yau da daddare. Kowa ya rubuta sanarwar da za a karanta a lasifikar masallacin unguwarsu, kada ta wuce kalma 50, kada a sa kalmar da kakarka za ta tambayi ma'anarta, kuma a tuna da matar da ke cikin gida maigidanta yana kasuwa. A ajiye a ƙarƙashin wannan rubutu, mu duba na juna mu gyara.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye mu da sharrin iska da ruwa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.